Yaya Sale da Sunan da Na Ƙi Tsayawa In Ji

Daga Hajiya Asabe, Ƙofar Wambai, Bauchi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Malam Sale, wanda duk Ƙofar Wambai ta sani da Sale Kuku. Ya yi sallar la'asar a masallacin unguwa, ya fito yana laluben takalminsa, sai ya zauna a dakali ya ce kansa na juyawa. Kafin a tsayar da keke a kai shi asibiti ya cika. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ban taɓa zama a aji ba. 'Yarsa Rabi, malamar firamare, ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ba yabo kaɗai ya sa na ce a rubuta wannan ba, ko da yake ya cancanci yabon. Yaya ya shiga kabari da wani abu nawa a bakinsa: sunan da ɗana na fari yake amsawa a Ingila. Ya nemi ya faɗa mini, ni na ƙi tsayawa in ji. Yau shekara goma ke nan rabon da wani a gidan nan ya ji muryar yaron.

Gidanmu gidan masaƙa ne. Mahaifinmu da ƙannensa suna jere a ƙofar gida, zarensu a miƙe har bakin hanya, mu mata kuma muna ciki da tamu masaƙar ta jikin bango muna yin gwado. Yaya ne ya fara fandarewa. Ya ce bayansa ba zai jure zaman ba, ya bi wani Bature malamin kwaleji yana wanke masa kwanuka, har ya zama kuku. Turawa nawa ya dafa wa, ban sani ba. Akwai malamai, akwai likitoci, akwai waɗanda suka zo lokacin aikin dam na Gubi. Wata ɗabi'a ce da shi: duk Baturen da ya ci abincinsa ya ƙoshi ya miƙe ƙafa, sai Yaya ya tsaya da tawul a kafaɗa ya ce, "Maigida, sunan nan naka me yake nufi?" Wani ya yi dariya, wani ya ɗauko littafi ya duba masa, wani ya ce shi bai taɓa tunanin suna na da ma'ana ba. Yaya bai iya rubutu can ba, amma abin da ya shiga kunnensa ya zauna ke nan.

Ranar Lahadi da yamma yakan zo ya ja tabarma kusa da masaƙata ya juye mini kayansa. "Asabe, ashe mutanen nan 'yan kasuwar ƙauye ne irinmu! Wannan mai jan wuyan da nake dafa wa, Smith, ashe Maƙeri ke nan. Matar likita 'yar gidan Baker ce, masu gasa burodi. Cooper mai haɗa gangar katako, Fletcher mai yin kibiya, Shepherd makiyayin tumaki. Kin ga Johnson? Ɗan John ne kawai, ba wani abu ba. Wanda kakansa ya zauna a kan tudu ya zama Hill, na bakin rafi ya zama Brook. White kuwa Jatau ne namu sak." Ya ce ko sunan yankansu haka yake: George manomi, Philip mai son dawaki, Margaret lu'ulu'u, Edward mai gadin dukiya.

Nakan ce masa, "To ni me ya haɗa ni da kakannin Turawa? Matsa, kana take mini zare."

Wata rana dai ya zo ba ya dariya. Ya ce ƙyauren gidan maigidansa ya ɓalle, aka aika Gwallaga aka ɗauko maƙeri, shi kuwa Smith ya tsaya a kansa hannu cikin aljihu yana kallo kamar bai taɓa ganin guduma ba. "Sunansa Maƙeri fa, Asabe. Sana'ar ta mutu, mai sana'ar ya mutu, ba wanda ya san ko a wane gari ya yi ƙira, amma suna nan suna jan sunansa. Mu kuwa ni Sale ne ɗan Baba, ɗana zai amsa wane Sale, jikana ya ɗauki sunan ubansa. Duk sunan da ka kira, akwai wanda ya ci tuwo da mai shi. Su nasu ya daskare. Mutum zai iya shiga cikin irin wannan suna ya ɓace, ba wanda zai tambaye shi ɗan wane ne." Na tuna na ce masa Allah ya kyauta, na ci gaba da aikina.

Sanin nan nasa ya sha jawo masa faɗa. Muna da maƙwabciya, Sista Rifkatu, nas ce daga kudancin jihar nan, Kirista, shekara arba'in muna katanga ɗaya. Ranar da ta shigo da jaririyar ƙanwarta ta nuna mana, ta ce sunanta Cecilia, sai bakin Yaya ya suɓuce ya ce asalin sunan makauniya yake nufi. Rifkatu ta gyara goyo ta ce, "Kai Sale Kuku, bakinka ya fi tukunyarka zafi. Ku da kuke sa wa ɗa Ajuji, kai ne za ka yi mana fassara?" Ya ce, "Mu da gangan muke yi, Sista, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ku fa?" Ta ce, "Mu don wata baiwar Allah mai sunan muka sa. Je ka soya wa ubangidanka ƙwai." Sati guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Daga baya kuma ita ce ta riƙa zama tana faɗa masa ma'anar sunayen da ke cikin littafinsu, shi yana gyaɗa kai kamar an ba shi kujerar Makka.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ta kewayewa.

Yaran yau da ke ɗora ɗan fari a wuya suna ɗaukar hoto ba za su gane ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Nawa kuma abin ya zo biyu, don sunan mahaifinmu aka sa masa. Da aka yaye shi aka miƙa wa Yaya, lokacin bai samu haihuwa ba, ya tashi a gidansa, gida huɗu tsakaninmu. Unguwa na kiransa Dattijo. Ni ko wannan ban taɓa faɗa ba sai yau da na ce Rabi ta rubuta. "Yaron Yaya" nake cewa. In ya shigo gaishe ni, idona na kan zare. In aka yabe shi, in tashi in bar wurin. Kuma ina alfahari da haka, kada in yi muku ƙarya. Tsofaffi na nuna ni ga amare suna cewa ku dubi Asabe ku koyi kunya. Abin da ba su sani ba, in na yi dambu na ce a kai wa Yaya, na san cikin wa zai shiga.

Yana da shekara ashirin ya tafi Ikko aikin tashar jiragen ruwa, lokacin mahaifinsa ya riga ya rasu. Bayan shekara biyu ya dawo da magana. Ya samu hanyar aikin jirgi zuwa Ingila, amma mutumin da ke haɗa musu takardu ya ce da sunan Turawa abin ya fi saurin wucewa. Ya je wa Yaya ya ce, "Baba, kai ka san sunayensu, zaɓa mini." Yaya bai so ba. Kwana uku yana fama da shi ya haƙura da tafiyar, ya ƙi. A ƙarshe ya ce in bai zaɓa ba, wani ɗan tasha zai liƙa masa sunan da ke nufin mai sanƙo ko mai karkataccen baki, gara shi ya zaɓa da hankali. Yaron ya roƙe shi kada sunan ya fita, don in maganar ta yi yawo takardun na iya lalacewa. Yaya ya ce ya ji, amma mutum ɗaya dole ta sani.

Da hantsi suka zo. Ina tsakar gida ina aiki, matan ƙannen mijina biyu na zaune suna tsinar shinkafa, da wata baƙuwa. Yaron ya tsaya a bakin zaure, Yaya ya ƙaraso.

"Asabe, ajiye zaren nan ki zo ɗaki, magana ce. Yaronki..."

"Yaronka dai."

"To, yarona. Jibi zai tafi, kuma can ba da sunan Baba za a kira shi ba. Na zaɓa masa wani, ina so ki riƙe."

Matan nan suka ɗago kai suna kallona. Na ji idanunsu a wuyana. In tashi in bi shi ɗaki a kan maganar ɗan fari, a gaban baƙuwa? Na miƙe na ce wakena zai ƙone, na shige madafa. Babu wake a wuta. Ya ɗaga murya ya ce, "Asabe, yau ba ranar kunya ba ce!" Na kama tukwane ina bugawa da ƙarfi kamar mai wanke-wanke. Ta cikin ƙarar na ji yana ce wa matan, rabi dariya rabi haushi, "Ku shaida. Na ba shi kyautar Allah, na ba shi sana'ar gidanmu, kuma ta cikin gida, ba ta ƙofar gida ba. Ta ƙi ji, ita ta sani." Sunan kansa bai faɗa ba, saboda alkawarin da ya ɗauka.

Sau biyu bayan haka ya sake tayar da maganar, muna mu biyu, ba kowa. Amma abu ya riga ya zama jiki. Da ya fara sai in tare shi: "Yana raye? Yana salla? To ya isa." Na ƙarshe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Shi ke nan. Ina nan ai. Ranar da kika shirya ki tambaye ni." Ni kuwa a raina Yaya kamar katangar gidanmu yake, kullum yana nan.

Shekara goma sha huɗu yaron na kiran Yaya, da farko wasiƙa, daga baya waya. In ya kira ina wurin, Yaya kan buɗe murya ya ajiye wayar a tabarma kamar ya manta, ni kuma in yi kamar ina gyaran zare. Da haka na san ya bar jirgi ya koma aikin ɗaukar kaya a wani gari, na san sanyi na damun gwiwarsa, na san bai yi aure ba. Bayan rasuwar ya koma kiran Rabi. Shekara biyu suna magana, ba ta taɓa tambayarsa sunan da yake amsawa a can ba, kuma ban ga laifinta ba. Wa ke tambayar yayansa sunansa? Lamba kuma kullum daban, ya ce da kati yake kira. Kiran ƙarshe ya ce mata ciwon kai ya matsa masa, kuma zai sauya ɗaki. Daga nan shiru. Wata ya wuce, azumi ya zo ya wuce, aka yi babbar salla, shiru.

Sai muka shiga nema, kuma duk ƙofar da muka buga tambaya ɗaya ce: mene ne sunansa a takarda? Akwai wani Alhaji a Gwallaga da ke zuwa can sayo kayan mota, na sa mayafi na je har shagonsa. Na ce dogo ne, baƙi, ɗan Bauchi, yana ɗan ɗingishi in an yi sanyi. Ya ce, "Hajiya, Ingila fa ba kasuwar Wunti ba ce da za a yi cigiya." Sannan, ban sani ba ko don ya nuna mini girman abin ne, ya ƙara da maganar da har yau ba ta bar ni ba. Ya ce can in mutum ya mutu ba dangi, hukuma ce ke ɗauke shi, kuma sau da yawa ƙonawa suke yi, sai in sun san addininsa ya hana. Ya ga fuskata ya fara kame-kame, amma na riga na ji.

Da me za su san addininsa? Da suna. Yaron da aka yi wa huɗuba a kunne, aka yanka masa rago, ya sauke izu ashirin a gaban malamin unguwarmu, yana yawo da sunan da duk wanda ya karanta ba zai kawo masa likkafani a rai ba. Tun ranar na daina iya tsayawa kusa da masu babbakar kai a bakin mahauta. In maƙwabta suka ƙona shara iska ta kawo hayaƙin, sai in shiga ɗaki in rufe taga. Na faɗa wa Rifkatu, ta riƙe hannuna ta ce, "Mu ma ba ma ƙonawa, Asabe, mu ma ƙasa muke komawa. Ki daina kashe shi da ranki tun ba a ce ya mutu ba." Na ji ta, amma zuciya ba ta ji ba.

Da aka rasa yadda za a yi, na fito da abin da na tsinta ta cikin ƙarar tukwane. Na ce Yaya ya ce kyautar Allah, ya kuma ce saƙa. Rifkatu ta ƙirga a yatsa ta ce sunan da ke nufin kyautar Allah ai ba ɗaya ba ne: akwai Matthew, akwai Nathaniel, akwai Jonathan, akwai Theodore. Rabi ta duba a waya ta ce masaƙa ma haka, akwai Weaver, da Webb, da Webber, da Webster. Ta ce in aka haɗa wannan da wancan hanya goma sha shida ce, kuma kowace hanya cike take da mutane. Wata ƙungiya da ke nemo wa dangi waɗanda suka ɓace ta karɓi maganarmu da mutunci, amma suka ce a ƙara musu wani abu, wannan ya yi faɗi.

Ina da abin ƙarawa. Ban faɗa ba. Maganar nan ta uku, "ta cikin gida, ba ta ƙofar gida ba", na riƙe ta shekara tara. Na ce wa kaina ba'a ce irin ta Yaya, ba ta da amfani. Gaskiyar ita ce na san wace ce ke saƙa a cikin gida, kuma in na faɗa, na ce da bakina yaron nawa ne. Ku ce mini mahaukaciya, ba zan musa ba. Wadda ta yi shekara arba'in da wani abu tana haɗiye magana, maƙogwaronta ba ya sanin ranar da ya kamata ya buɗe.

Nakan zauna a ƙofar ɗaki ina kallon unguwa, don ni mai kallo ce tun asali, ba abin da ke wuce ni, in ce da Yaya zai leƙo yau me zai ce? Abin da ya ji tsoro ya iske mu har gida. Ranar da aka kai ni yin katin ɗan ƙasa, yarinyar da ke kan na'ura ta ce in faɗi sunan iyali. Na ce mu ba mu da shi, ni Asabe ce 'yar mahaifina. Ta ce dole a cike gurbin. Yanzu gida guda sai ka ji uba da 'ya'ya da jikoki duk sun daskare a kan sunan kaka ɗaya, amarya kuma tana shiga ɗaki ta yar da sunan ubanta ta ɗauki na miji, kamar wadda aka tsinta a hanya. 'Yan mata na da sunan gida, suna da na waya, wanda uwarsu ba ta sani ba. Kwanan baya na je barka na tambayi mai jego ma'anar sunan da suka sa wa 'yar, ta ce ita dai a talabijin ta ji, daɗin faɗi gare shi. Da Yaya ne da ya tsaya mata da tawul a kafaɗa har sai ta nemo. Ni dai na ce mata ta rubuta duk sunan da yarinyar za ta taɓa amsawa ta ajiye a ƙasan akwati. Ta dube ni kamar na tsufa da yawa.

Akwai kuma abin da ban san me zai ce a kai ba. Matan yanzu suna tsayawa a ƙofar gida su kwaɗa wa ɗan fari kira da sunansa na yanka, har unguwa ta ji. Da nakan yi tsaki. Yanzu in na ji sai in tsaya da abin da ke hannuna har yaron ya amsa.

Bara da damina jiri ya kwashe ni a bakin famfo. Na farfaɗo na ga Rifkatu a kaina da abin awon jini, Rabi na kuka. Abin da ya fara zuwa mini shi ne Yaya a dakalin masallaci yana neman takalmi. Na ce ashe ni ma haka zan tafi da tawa a baki. A kwance na faɗa musu maganar nan ta uku. Rifkatu ta cire abin daga kunnenta ta ce, "Shekara tara kina zaune a kan wannan? Wallahi Asabe, ba don jininki ya hau ba da na mare ki." Rabi ta ɗauki waya tana dannawa. Can ta ce, "Gwaggo, a cikin huɗun nan akwai ɗaya da asalinsa mace ake ce wa, mace mai saƙa. Webster." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Sunanki Baba ya ba shi." Na juya fuskata bango.

Wata bakwai ƙungiyar nan na bincike. A watan jiya wata mata daga cikinsu ta kira Rabi. Sun samu wani mutum a gidan kula da marasa lafiya a wani gari na bakin teku, baƙar fata, mai wannan sunan da ɗaya daga cikin huɗun can na kyautar Allah. Ba zan haɗa su biyun a jarida ba. Wajen shekara goma ke nan da aka kawo shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana, kuma a takardarsa ba a rubuta dangi ko ɗaya ba. Suka turo hoto.

Muka taru a ɗakina. Mutum ne mai furfura, ya yi ƙiba irin ta zama, bakinsa ya karkace gefe, ido ɗaya ya ɗan rufe. Rabi ta fashe da kuka ta ce shi ne, can kuma ta ce a'a, hancin bai yi ba. Rifkatu ta sa tabarau ta cire ta ce shekara ashirin da shida ba wasa ba ce. Sai duk suka juyo gare ni, aka miƙo mini wayar. Uwa ai ba ta ɓata ɗanta.

Na duba, na sake dubawa. Jama'a, ban sani ba. Ni da na san fuskar kowane ɗa a unguwar nan, na san wanda ya yi ƙarya tun kafin ya buɗe baki, ban san fuskar nawa ba. Yaushe na kalle ta? In ya shigo kaina na ƙasa. Sai ya juya zai fita nake ɗagowa in bi shi da ido har ya shige zaure. Na ce wa Rabi, "Ce musu su ɗauko shi ta baya." Ta ce, "Gwaggo, ta baya kamar yaya?" Na ce, "Ƙeyarsa nake so in gani." Matar can ta yi mamaki, Rabi ta ce ta tambaya har sau biyu ko ta fahimta daidai, amma ta sa aka yi.

Kwana huɗu muka jira. Da hoton ya zo ban kai ga karɓar wayar ba, daga hannun Rabi na gani. Kunnen hagu da ya ɗan fita waje. Tabon ƙurjin da ya fito masa a gindin gashi yana shekara huɗu, wanda wanzami ya tsaga ina leƙe ta ƙofar ɗaki. Yadda wuyan ke karkata dama kamar mai sauraron wani abu. Na ce, "Shi ne." Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da na ji Rifkatu ta ce, "Mun gode Allah."

Mutane na ta zuwa barka, suna cewa hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Abu ɗaya dai ya sauka: an rubuta a takardarsa cewa Musulmi ne, yana da uwa a Bauchi, kuma Rabi ta sa sun karanta mata abin da suka rubuta. Amma matar ta ce ranar Alhamis za su haɗa mu ta waya, ya gan ni in gan shi. Ta ce masu jinyarsa sun gaya mata in an kira shi da sunan takardar ba ya ko motsa ido, sun ɗauka ciwon ne. Ta ce in kira shi da sunan da ya saba ji a bakina.

Babu irin wannan sunan. Tun da aka haife shi bai taɓa jin na kira shi da komai ba.

In na auna Yaya yau, ban san a wane gefe zan ajiye shi ba. Shi ya sa wa yaron rigar da ta ɓoye mini shi shekara goma. Da ya saɓa alkawari ya faɗa wa 'yarsa, da ba a kai nan ba, amma shi ba mai saɓawa ba ne, ko ga yaro. Kuma shi ne bai ɗauko suna daga bola ba. Ya zauna ya zaɓi wanda ko ma'anarsa kaɗai mutum ya riƙe zai iya bi har ya iso, ya kuma san ƙanwarsa, ya san ba za ta zo ɗaki ba, ya san kuma kunnenta ba ya barci. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari a unguwar nan shi ne har gobe in aka raɗa wa jariri suna akwai tsohon da zai ce, "Da Sale Kuku na nan da ya tambayi ma'ana." A wurina kuwa ya bar mini hanya zuwa ga ɗana, da aikin da ya ce in yi tun ranar nan da hantsi, wanda ba mai yi mini. Allah ya kai haske kabarinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa mara lafiyan nan da ke bakin teku.

Kwana uku ke nan in na idar da salla ina gwada sunansa na yanka a zuci, in ya zo kan harshe ya tsaya. Ina tsoron Alhamis ta zo in buɗe baki ya ƙi fita. Na fi tsoron ya fita, shi kuma ya kalle ni kamar wata baƙuwar tsohuwa, don bai san muryata da sunansa a ciki ba. Rabi ta ce in gwada yanzu, in faɗa ta rubuta a nan, wai ko bakin zai saba. Na ce ta ajiye biron. Ba jarida ce za ta fara jin sa daga bakina ba.